Gani Ya Kori Ji? Bidiyon Gwaji da Neman Kamfanin Faifai a Kiɗan Rok



Batun da aka ba ni in yi magana a kansa yau, a ido ƙarami ne, har wani yana iya cewa ina ruwan ɗalibin jami'a da makaɗan Turai masu dogon gashi. Batun kuwa shi ne: yaya samari huɗu ko biyar, masu jita da ganguna, waɗanda ba wanda ya san da su sai 'yan unguwarsu, suke shawo kan babban kamfanin faifai har ya zuba musu dukiyarsa, kuma wane amfani hoton bidiyo yake yi musu a wannan fafutuka. Amma in kun yi haƙuri za ku ga cewa maganar ta ƙwadago ce da bashi da yarjejeniya, watau maganar da ta shafi duk wanda zai kai hajarsa gaban mai kuɗi. Na tabbata kuma a wannan ɗaki akwai waɗanda suke da waya a aljihu da waƙa a baki, suna jiran ranar da wani zai gan su.

Bari mu fara da fayyace sana'ar. Kiɗan rok ya tsiro ne a Amurka a shekarun 1950, daga kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar, ya ƙetara Ingila, ya komo da ƙarfinsa. Kamfanin faifai shi ne mai ɗaukar nauyin ɗaukar waƙa, da buga ta, da rarraba ta, da tallata ta. A kowane kamfani akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan farautar sababbin makaɗa, shi ne zai saurara, ya kalla, sa'an nan ya je ya rinjayi manyansa su sa hannu. Wannan mafarauci yana cikin tsaka mai wuya, domin mafi yawan ƙungiyoyin da kamfani ya ɗauka ba sa mayar da kuɗin da aka kashe musu, 'yan kaɗan ɗin da suka yi nasara su ne ke biyan asarar sauran. Saboda haka ba ya son cinikin biri a sama. Yana son samfur, kamar yadda mai sayen hatsi yake zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba kafin ya taya. Samfurin nan shi ne waƙar gwaji: 'yan waƙoƙi uku ko huɗu da ƙungiya ta ɗauka da kuɗin aljihunta, a kan tef a da, sa'an nan kaset, sa'an nan bidiyo.

Kunne kaɗai yana iya yaudarar mutum, tarihin sana'ar kuwa ya shaida haka tun da wuri. Ranar 1 ga Janairu, 1962, samari huɗu daga Liverpool, waɗanda ake kira Beatles, suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin Decca a Landan, bayan sun sha doguwar tafiya a mota cikin ƙanƙara. Suka yi waƙa 15, a gajiye, a tsorace. Decca ya saurari tef ɗin ya ce ba ya so, ya ɗauki wata ƙungiya mai suna Brian Poole and the Tremeloes, wadda take zaune kusa da Landan. Manajansu, Brian Epstein, ya yi ta yawo da tef ɗin nan har ya dangana da George Martin na Parlophone, reshen kamfanin EMI. Shi ma Martin waƙoƙin ba su girgiza shi ba. Sai da samarin suka zo gabansa a watan Yuni na wannan shekara, ya ga barkwancinsu da farin jininsu, sa'an nan ya sakankance. Ashe abin da ya fi tsada a jikinsu tef bai iya ɗauke shi ba. A zamanin nan in mafarauci yana son ya ga ƙungiya, sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi garinsu ya tsaya cikin zafin ɗakin rawa. Wanda garinsa ya yi nisa da Landan ko New York ko Los Angeles, to, sai dai ya yi ta haƙuri.

Na'ura ce ta fara rage wannan nisa. A 1967 kamfanin Sony ya fito da na'urar ɗaukar bidiyo wadda mutum ɗaya yake iya ratayawa a kafaɗa, a 1971 ya fito da kaset ɗin U-matic, a 1976 kuma kamfanin JVC ya kawo kaset ɗin VHS wanda ya shiga gidajen jama'a. Amma wata ƙungiya da ta nuna wa duniya abin da hoto zai iya yi wa makaɗan da ba su da kamfani, da fim ta yi aikinta, kuma ina so in ɗan daɗe a kanta domin 'yan jami'a ne irinku.

Sunanta Devo, daga garin Akron na jihar Ohio, garin masana'antun tayar mota. Jagororinta biyu, Gerald Casale da Mark Mothersbaugh, sun yi karatun zane a Jami'ar Kent State, inda ranar 4 ga Mayu, 1970, dakarun jiha suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, suka kashe huɗu. Casale yana wurin ranar. Daga nan suka ƙulla ra'ayinsu, cewa ɗan Adam baya yake komawa, ba gaba yake yi ba, suka kuma gina kiɗansu da tufafinsu da motsinsu a kan wannan ra'ayi, suna sa rigunan 'yan masana'anta, suna motsi kamar injuna. Wanda ya ji su a kaset kawai zai ce wasu ne da ba su iya kiɗa ba. A garinsu ma korarsu ake yi daga dandali. A 1976 sai suka haɗa kai da abokinsu Chuck Statler suka yi gajeren fim na kamar minti goma, mai ɗauke da waƙoƙinsu biyu. A 1977 fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Ann Arbor, suka kuma riƙa haska shi kafin su hau dandali. Labarinsu ya kai kunnen David Bowie da Iggy Pop, waɗanda suka tsaya musu, kamfanin Warner Bros. ya ɗauke su, Brian Eno kuma ya shirya musu faifansu na farko a Jamus, ya fito a 1978. Abin lura a nan shi ne fim ɗin bai zo ya yi wa waƙar ado ba. Shi ne ya fassara ta. Kamfani ya gane cewa waɗannan mutane sun riga sun san ko su wane ne, da wanda suke yi wa magana, watau sun yi wa kamfani rabin aikinsa tun kafin ya kashe sisin kwabo.

Daga nan sai ambaliya. Ranar 1 ga Agusta, 1981, aka buɗe tashar talabijin ta MTV a Amurka, wadda a lokacin ba ta da aiki dare da rana sai nuna bidiyon waƙoƙi. Da yake makaɗan Ingila sun riga sun saba yin bidiyo saboda shirin BBC na Top of the Pops, kamar yadda ƙungiyar Queen ta yi a 1975, su ne suka cika tashar da farko, ƙungiyoyi irin su Duran Duran suka shiga kasuwar Amurka ta wannan ƙofa. Masu kamfani suka lura cewa a garuruwan da tashar take kaiwa, faifan da rediyo bai taɓa sawa ba yana ƙarewa a kanti. Tun daga lokacin tambayar mafarauci ta zama biyu: yaya sautinsu, kuma yaya za su fito a akwatin talabijin? A 1983 tashar ta buɗe wani shiri mai suna Basement Tapes, inda ƙungiyoyin da ba su da kamfani suke aiko da bidiyon da suka yi da kansu, masu kallo su buga waya su zaɓa, wadda ta yi nasara a ba ta yarjejeniyar faifai. Ga bidiyon gwaji ya zama hanya sosai, da ƙa'ida da alƙalai. Amma ku duba jerin manyan ƙungiyoyin rok na shekarun 1980, ku nemo wadda ta fito ta wannan shiri. Za ku sha wuya. Cin gasar dare ɗaya daban, riƙe jama'a shekara goma daban.

Ido kuma yana da nasa son zuciya, wanda kunne ba shi da shi. A farkon MTV da ƙyar ake ganin baƙar fata a tashar, har David Bowie ya tuhume su a kan haka a wata hira da suka yi da shi a 1983. Ƙungiyar Living Colour ta New York, baƙaƙe huɗu ƙwararru ƙarƙashin mai jita Vernon Reid, ta yi ta neman kamfani ba ta samu ba, domin masu kamfani sun riga sun yanke a ransu irin launin da ya kamata ɗan rok ya kasance, alhali kuwa kakannin waɗannan samari ne suka haifi kiɗan. Sai da Mick Jagger na Rolling Stones ya gan su suna wasa, ya shirya musu waƙoƙin gwaji biyu da kansa, sa'an nan kamfanin Epic ya buɗe musu ƙofa, faifansu ya fito a 1988. A ɗaya gefen kuma ga Milli Vanilli, ko da yake su ba 'yan rok ba ne: samari biyu kyawawa da suka iya rawa, aka ba su kyautar Grammy a 1990, kafin shekarar ta ƙare aka ƙwace, da ta tabbata cewa muryoyin da ke cikin faifan na wasu ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A sana'ar da hajarta sauti ce, lalle wannan kora tana da haɗari.

Kada kuma a ɗauka cewa bidiyo ya kashe kaset. Ƙungiyar da ta fi kowace girgiza kasuwa a farkon shekarun 1990, watau Nirvana, ta tsohuwar hanya ta bi. A Janairun 1988 suka ɗauki waƙoƙin gwaji goma a Seattle, injiniyan da ya ɗauka, Jack Endino, ya miƙa kaset ɗin ga ƙaramin kamfanin Sub Pop. Faifansu na farko dala 606 da 'yan kai aka rubuta a matsayin kuɗin ɗaukarsa. Waƙoƙin da suka ɗauka da Butch Vig a Afrilun 1990 su ne suka zaga manyan kamfanoni, 'yan ƙungiyar Sonic Youth suka yi musu shaida, kamfanin DGC na David Geffen ya ɗauke su a 1991. Bidiyon da ya kai su ko'ina a duniya bayan sa hannu aka yi shi, da kuɗin kamfani. Haka ma Arctic Monkeys na garin Sheffield: faya-fayan gwaji suke rabawa kyauta a wurin wasa, masoyansu suka zuba su a intanet, har ya zamana jama'a suna rera waƙoƙin tare da su tun ba su da kamfani. Domino ya ɗauke su a 2005, faifansu na farko kuma ya sayar da fiye da kwafi 360,000 a makon farko a Janairun 2006. A duka biyun akwai abin da ya riga hoto: jama'ar da ta riga ta taru, da mutumin da ake jin maganarsa wanda ya ce na gan su, ku je ku gani.

Da aka buɗe YouTube a 2005, sa'an nan waya ta sami kyamara mai kyau, sai kuɗin yin bidiyo ya faɗi warwas, aika shi kuma ya zama kyauta. A 2007 Neal Schon na ƙungiyar Journey yana neman sabon mawaƙi, ya ci karo da bidiyon wani Arnel Pineda yana waƙa da ƙungiyarsa a ƙasar Filifin, ya kira shi Amurka, kafin shekara ta ƙare ya zama muryar ƙungiyar. A 2014 'yan mata uku 'yan uwa ɗaya daga Monterrey ta Meksiko, masu suna The Warning, suka sa bidiyonsu suna kaɗa wata waƙar Metallica, miliyoyi suka kalla. Ku lura da abin da ya biyo baya: sai a 2020 suka sa hannu da kamfanin Lava, bayan sun yi shekara shida suna rubuta waƙoƙinsu, suna fitar da faifai da gudummawar masoya, suna hawa dandali.

Amma labarin da nake so ya zauna muku shi ne na Unlocking the Truth. Yara uku ne baƙaƙe daga Brooklyn, suna kafa kayan kiɗansu a dandalin Times Square suna kiɗan rok mai nauyi, masu wucewa suna jefa musu kuɗi a bokiti. A 2013 bidiyonsu ya bazu a intanet. A 2014, suna da shekara 12 zuwa 13, kamfanin Sony ya ɗauke su, jaridu suka cika da labarin yarjejeniyar kusan dala miliyan 1.8. Da yake yara ne, sai da takardar ta bi ta kotu, ta haka kuma aka ga cikinta. Abin da aka tanadar na faifan farko dala 60,000 ne, sauran kuwa yana rataye a kan faya-fayan da kamfani yake da zaɓin ya nema ko kada ya nema, da kuma cinikin da sai ƙungiya ta shahara ƙwarai take yin irinsa. A 2015 suka nemi a sake su, ba tare da Sony ya fitar musu da faifai ko ɗaya ba, a 2016 suka fitar da nasu da kansu. Abin da miliyoyin nan suka kalla shi ne abin mamaki, yara ƙanana da manyan jita a bakin titi. Mamaki kuwa sau ɗaya ake yinsa, yaro kuma girma yake yi.

A nan ya kamata ma'aikatan da ke cikinmu, masu hulɗa da takardu, su buɗe kunne. Kuɗin da kamfani yake bai wa ƙungiya ranar sa hannu kafin alƙalami ne, watau bashi ne da za a cire daga kasonta na ciniki. Kason sabuwar ƙungiya a al'ada bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, daga cikinsa kuma ake cire kuɗin ɗaukar faifai, da yawanci rabin kuɗin bidiyon talla, kafin ta ga ko kwabo. Bayan an gama cirewa ma, asalin faifan mallakar kamfani ne. Steve Albini, injiniyan da ya ɗauki faifan Nirvana na ƙarshe, ya rubuta wata maƙala a 1993 inda ya buga lissafin misali na ƙungiyar da aka ba kafin alƙalami na dala 250,000, ta sayar da kwafi 250,000, amma da aka cire na manaja da lauya da ɗakin ɗauka da bidiyo da yawon wasa, kowane ɗan ƙungiya ya tashi da dala 4,000 da ɗoriya. Daga shekarun 2000 kuma, da cinikin faifai ya karye, kamfanoni suka fara neman kaso har a kuɗin wasan dandali da na rigunan da ƙungiya take sayarwa. Bugu da ƙari, aikin farauta kansa ya sauya. Mafarauci ya fi duban alƙaluman masu kallo a kan zuwa ɗakin rawa, ma'ana gwajin kasuwar da kamfani yake yi a da da kuɗinsa, ƙungiya ce take yinsa da nata lokacin. A ganina wanda ya riga ya tara jama'arsa da guminsa ya kamata ya shiga ofishin kamfani da ƙarfin ciniki, ya tambayi shekara nawa za a riƙe masa faifansa, kada zumuɗin an kira shi ya sa ya manta da wannan.

To, wane irin bidiyo ne yake da amfani a wurin mai farauta? Hukuncina shi ne, wanda ya fi kusa da tsayuwa a ɗakin wasa. Bidiyon da aka yanka gunduwa-gunduwa, aka ɗora masa sautin da aka goge a kwamfuta, aka cika shi da hayaƙi da motocin aro, gwanintar mai kyamara yake nunawa. Wanda aka ɗauka a tashi ɗaya, da sautin wurin, shi ne yake amsa tambayoyin da mai kuɗi yake yi a ransa: shin mai ganga yana riƙe kiɗa ko yana gudu, muryar mawaƙi tana kaiwa ƙarshen waƙa, 'yan ƙungiya suna sauraren juna, jama'ar da ke gabansu kuma sun motsa ko hira suke yi. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, amma sauti mai ƙara ba ya kai minti ɗaya zai kashe. Gidan rediyon NPR na Amurka ya gane wannan, gasar da ya fara ba da kyautarta a 2015 sharaɗinta mai sauƙi ne: mawaƙin da ba shi da kamfani ya aiko da bidiyon waƙarsa ta kansa, yana yin ta a gefen tebur. Wanda ya fara ci, Fantastic Negrito, daga baya ya karɓi Grammy uku, ƙungiyar Tank and the Bangas da ta ci a 2017 kuma ta sami yarjejeniya da Verve.

Ba sai mun tsaya a ƙetaren teku ba, domin maƙwabtanmu Buzaye na Nijar sun shiga wannan kasuwa, kuma da kiɗan rok ɗin kansa. Wani mai shirya fim Ba'amurke, Ron Wyman, ya ji kaset ɗin Bombino a ƙasar Agadas, ya bi sawunsa har Wagadugu inda yake gudun hijira, ya yi fim a kansa, har da wasan da ya yi a gaban babban masallacin Agadas a Janairun 2010. Faifansa ya fito a kamfanin Cumbancha a 2011, a 2013 kuma Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya shirya masa wani a kamfanin Nonesuch. Shi kuwa Mdou Moctar, bahagon mai jita wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin fina-finan Hausa. Ba kamfani, ba kanti. Waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya, ta katin memori da bulutut, har suka kai arewacin Mali, inda Christopher Kirkley na ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya buga a 2011, bayan ya sha wahalar gano mai ita. A 2015 suka fitar da fim da harshen Buzaye wanda aka ɗauka a Agadas, Mdou yana yawo a kan babur da jita a baya, fim ɗin ya zaga bukukuwan silima na Turai da Amurka, masu shirya wasa suka fara aiko masa da gayyata. Ya yi shekaru yana yawon dandali da ƙungiyarsa kafin kamfanin Matador na New York ya ɗauke su, faifansu na farko a can ya fito a 2021, shekara 13 ke nan bayan zaman da ya yi a ɗakin ɗaukar waƙa na Sakkwato.